Fari Na Ba Shi, Ja Ya Amayo

Wata rana da safe na fito tsakar gida zan ɗora ruwan koko, sai na tarar da karenmu kwance ya miƙe ƙafafu. Ga amai a gefensa, ga zawo ya ɓata wajen.

Duna sunansa. Baƙi ne wuluk, ga murya kamar ganga.

Ni dai ba mai son kare ba ce. A gidan da na taso, ko kwanonka kare ya shinshina sai an wanke shi da ƙasa. Maigidana ne ya kawo shi, don shi direban babbar mota ne, in ya yi kudu sai ya daɗe bai waiwayo gida ba.

Unguwarmu kuma sabuwa ce, can bayan gari. Kangayen da ba a gama ginawa ba sun fi gidajen da mutane ke ciki yawa. Bayan katangarmu ma kango ne, ciyawa ta cinye shi.

Daga ni sai 'yata Juwaira. Ita kaɗai Allah Ya ba ni, kuma ta fara tasawa.

To kun ga dalilin kare.

Ban taɓa sa masa hannu ba. Kwanonsa daban, da sanda nake tura masa. Juwaira ce mai shiri da shi. In za ta ba shi abinci sai ta kaɗa harshe, ta ce, "Dunan Juwaira, zo ka ci." Babu mai kiransa haka sai ita, kuma a cikin gida kawai.

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da na gan shi a kwance hankalina ya tashi. Na leƙa wajen maƙwabciyata Anti Lami, don ƙanwarta likitar dabbobi ce. Kafin hantsi sai ga ta, Dakta Rahila, da 'yar jakarta.

Ta buɗe bakinsa ta duba dasashi, ta danna cikinsa, ta kalli aman ba ta ko yamutsa fuska ba.

Ta ce, "Mama, me kuke ba shi?"

Na ce, "Abin da muka ci, 'yar nan. Ragowar tuwo, ƙanzo, ɗan abin da ya saura a tukunya."

Ta ce, "Ban ga alamar guba ba. Wani abu ya ci da ya fi ƙarfin cikinsa. Ki bar cikin ya huta zuwa yamma, ruwa kawai, kaɗan-kaɗan. Daga nan sai farar shinkafa, ki dafa ta ta yi luguf. Ki samo tsokar kaza, ki cire fata, ki cire ƙashi, ki dafa da ruwa zalla ki yayyaga a ciki. In da kabewa ki dafa ki dama 'yar kaɗan."

Na ce, "Gishiri fa?"

Ta ce, "Babu. Ba gishiri, ba magi, ba mai, ba yaji. Albasa kuwa ko ƙamshinta kada ya ji, cutar da kare take yi. Kuma kada ki cika masa kwano. Ɗan kaɗan, in an jima ki ƙara. In kika ga jini, ko ya daina shan ruwa, ki kira ni nan take."

Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Mama, bayan wannan kada komai ya shiga bakinsa. Komai ƙanƙantarsa."

Anti Lami tana tsaye ta riƙe haɓa. Ta ce, "Oh ni Lami! Kare da kaza! Maman Juwaira, in kin gama da shi ki sa ni a layi, ni ma tun jiya cikina ke murɗawa."

Na ce, "Ke dai bari. Sai kin yarda ki ci ba gishiri."

Ta ce, "A'a, bar wa Alhaji Duna kayansa."

Da na kira Baban Juwaira a waya, dariya ya fara yi. Ya ce, "Kaza? Ni da na dawo wancan karon garau-garau kika tare ni da shi." Can sai ya ce, "Ki yi yadda ta ce. In ba na nan, shi ne ni a gidan."

Wannan maganar ta zauna mini a rai.

Haka na shiga dafa abincin da ban taɓa dafa irinsa ba. Fari fat, ba ƙamshi, ba ɗanɗano. Hannuna har kai kansa yake wajen robar gishiri, sai in janye shi.

Duna ya lasa kaɗan. Washegari da safe ya ci fiye da haka, har ya miƙe ya zaga tsakar gida. Na ce alhamdulillahi.

Da la'asar na dawo daga Islamiyya, sai ga sabon amai.

Washegari ma haka. Da safe garau, da yamma ya koma ya kwanta, cikinsa na ƙugi.

Na ce ko kazar ce. Na rage ta. Na ce ko ruwan ne. Na koma tafasa masa.

Bai canza ba.

Ni al'adata, in zan kwashe ƙazanta sai na barbaɗa toka tukuna, sannan in sa shebur, ba na ko kallo. Ranar nan tokar ta ƙare a murhu. Dole na tsuguna da tsintsiya da kwali.

Sai na gani.

Aman ja ne.

Na ce jini ne. Na sa tsinke na tona. Ba jini ba ne. Mai ne, da yaji, da garin ƙuli. Ga yankakkiyar albasa. Ga guntun nama da bai narke ba.

Tsire.

'Yan uwa, ni da hannuna na dafa abin da na ba karen nan. Fari na ba shi. Ta ina ja ya shiga cikinsa?

Na ƙwala wa Juwaira kira.

Na ce, "Ke, tausayin banza ya sa kika ba shi tsire?"

Ta ce, "Umma, tsire kuma? A ina zan samu?"

Na ce, "Kalli idona."

Ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wallahi Umma ko ƙanzo ban ba shi ba. Ni da na dawo makaranta ɗaki nake shiga in kulle, kamar yadda kika ce."

Na san 'yata. In tana ƙarya gefen hijabinta take murzawa. Hannunta a sake yake.

To Duna ba ya fita. Ƙofarmu ta ƙarfe ce, kullum a rufe. Katangarmu ta fi tsayin mutum.

Na zauna a bakin rijiya ina tunani, sai wasu abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Da can, da rana tsaka Duna ba ya barin kowa ya runtsa. Ko akuya ce ta shiga kangon baya sai ya yi ta haushi har muryarsa ta dushe. Amma an kwana biyu ban ji wannan haushin ba. Har na taɓa ce wa Anti Lami, "Karen nan ya yi hankali."

Sannan ya canza wajen kwanciya. Ya bar inuwar darbejiya, ya koma can lungu, jikin rariyar da ruwan wanke-wanke ke bi ya fita bayan gida. Wajen da rana ke duka, ga wari. Na ɗauka sanyin ruwan yake bi.

Rariyar nan kai tsaye cikin kangon take zubarwa.

Ban gaya wa kowa ba. Me zan ce? An san ni da tsoro. Baban Juwaira har ce mini yake in ganye ya faɗo sai na ce ɓarawo ne.

Kullum bayan azahar Anti Lami take biyo mini mu tafi Islamiyyar matan aure. Lokacin Juwaira ta dawo daga boko, sai ta zauna ita kaɗai har la'asar. Duk unguwar a wannan lokacin kamar an share ta. Maza suna kasuwa, yara suna makarantar allo, rana na ƙuna.

Washegari Anti Lami ta buga ƙofa kamar kullum. Na buɗe, na ce mata a hankali ta je kawai, yau kaina ke ciwo. Ta ce Allah Ya sawwaƙe. Na mayar da ƙofar, ta yi ƙarar da ta saba yi in mun fita.

Na ce wa Juwaira ta shiga ɗaki ta kulle, kada ta yi magana.

Na cire takalmina. Na ɗauki kujera 'yar tsuguno na zauna a bakin kicin, inda nake hango rariyar.

Shiru.

Irin shirun da har kana jin ƙudan da ke yawo a kan kwano.

Duna na kwance a lungunsa, kansa a kan ƙafafunsa. Shinkafar da na zuba masa ya ci rabi ya bari.

Na zauna har ƙafata ta yi sanyi. Na fara ce wa kaina, ke dai kin cika zargi, tashi ki yi aikinki.

Sai Duna ya ɗaga kunne.

Ban ji takun kowa ba. Ciyawa kawai na ji ta yi motsi a bayan katanga.

Sai ya fara kaɗa wutsiya.

Sai na ji an kaɗa harshe. Daidai yadda 'yata take yi.

Muryar namiji ce, ƙasa-ƙasa, mai taushi, kamar mai lallashin jariri.

"Dunan Juwaira. Zo ka ci."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wallahi ko yanzu da nake rubuta wannan, tsigar jikina tashi take.

Tsinken tsire ya fara leƙowa ta rariyar. Bayansa yatsu. Hannu ne mai tsabta, ba na mahaukaci ba, ba na mai kwana a kango ba. Da zoben azurfa. Farcen ƙaramin yatsan dogo, an gyara shi.

Duna ya miƙe zai karɓa.

Ban san lokacin da na isa wajen ba. Ni da ban taɓa sa wa kare hannu ba, sai ga ni na rungume wuyansa da hannu biyu, na ja shi baya. Yawunsa a hannuna, a zanina, ban ko kula ba.

Na ce, "Wane ne?"

Hannun bai janye da sauri ba. Tsayawa ya yi. Sannan ya ajiye tsiren a hankali a bakin rariyar, ya koma.

Sai na ji 'yar dariya.

"Au. Maman Juwaira. Yau ba a je makaranta ba?"

Na ce, "Me kake ba karena?"

Ya ce, "Ba komai, Hajiya. Sabo muke yi."

Shi ke nan.

Ciyawa ta sake motsi. Ba gudu ba. Tafiyar mutumin da ba abin da ya dame shi.

Duna kuwa yana hannuna yana kuka ƙasa-ƙasa, yana son ya bi shi.

Na yi ihun da ban san ina da shi ba. Juwaira ta fito da gudu, na ce koma ki kulle! Kafin a jima masu aikin gini na can gaba sun iso, aka kira mai unguwa da 'yan sintiri, suka shiga kangon.

Ba kowa.

Amma mai unguwa da ya fito bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce, "Maman Juwaira, gara ki zo ki gani da idonki."

Na sa hijabi na bi su.

A gindin katangarmu ciyawar ta kwanta, wajen ya yi sumul kamar inda ake zama kullum. Ga tsinkayen tsire an tara su a gefe, an jera su tsaf. Ba kaɗan ba. Wasu har sun bushe sun yi fari.

Sannan ga bulo. An ɗebo su daga cikin kangon an jera a jikin katangarmu, wani kan wani, kamar matakala.

Saura kaɗan ta kai sama.

Wani ɗan sintiri ya hau, ya leƙa, ya sauko. Na ce masa me ka gani. Ya ce, "Tagar ɗaki."

Na ce wanne.

Ya ce, "Mai labule ruwan hoda."

Ɗakin Juwaira.

Anti Lami ta matso ta riƙe ni, don lokacin an taso daga Islamiyya.

Mutumin nan ba guba ya ba karenmu ba. Da guba ce, da mun wayi gari mun ga gawa, mun san akwai matsala. Shi so yake ranar da zai diro, Duna ya tare shi da wutsiya.

Abin da bai sani ba, cikin kare ba ya ɗaukar yaji da mai da albasa. Kuma da tuwo da miya na ci gaba da zuba masa, ja ya haɗu da ja, har abada ba zan gane ba.

Aka rushe bulon. Aka sa wa rariyar ragar ƙarfe. Aka kai maganar inda ya kamata. Baban Juwaira ya bar motarsa a hannun abokin aikinsa ya taho.

Duna kuwa, da tsiren ya yanke, sai farar shinkafar ta yi aikinta. Aman ya tsaya, zawon ya ɗaure. Dakta Rahila ta ce in riƙa haɗa masa da abincinsa na da kaɗan-kaɗan, amma ban da miya mai yaji, har cikin ya saba. Muryarsa ta dawo.

Na ɗauka an gama.

Ranar Asabar da hantsi maza suka riƙa zuwa yi wa maigidan jaje. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Muka ɗaure Duna daga ciki, kusa da ƙofar, aka bar ta a ɗan buɗe don miƙa ruwa.

Duk wanda ya yi sallama sai Duna ya taso masa. Liman ma bai tsira ba. Har ina jin mai unguwa yana cewa, "To, Alhaji Duna an warke, kaza ta yi rana." Aka yi dariya.

Ina kicin ina zuba kunun aya a jug, ina jin haushin nan kamar waƙa a kunnena.

Sai ya tsaya.

Ɗif.

Sai wata ƙara ta maye gurbinsa. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Wutsiyarsa ce take dukan ƙofar ƙarfe.

Na ajiye jug ɗin. Na taka a hankali har bayan ƙofar, na sa ido ta tsakanin ƙarfen da bango.

Liman ya fara addu'a, kowa ya ɗaga hannu. Fuskoki ba na ganinsu sosai, sai hannuwa a jere.

Can ƙarshen tabarma, farar shadda, guga har tana ƙyalli. Zoben azurfa. Wannan ba komai ba ne, maza da yawa suna sa shi.

Sai na ga ƙaramin yatsan.

Yana cewa amin tare da kowa. Amin ga addu'ar Allah Ya tsare gidana.

Na kasa ihu. Na ruga na tura Juwaira ɗaki, na kira wayar babanta, yana zaune a waje, ni ina ciki. Sai da aka shafa ya ɗauka.

Na ce, "Mai farar shadda, na ƙarshen tabarma. Shi ne."

Ya ce, "Wanne?"

Na sake leƙawa, wajen ba kowa. Sai kofin da ya sha ruwa, an kife shi a kan tabarma.

Aka bazu lungu-lungu. Ba a gan shi ba.

Da aka zauna ana tambaya, liman ya ce ya ɗauka abokin aikin maigidan ne. Maigidan ya ce ya ɗauka ɗan'uwan mai unguwa ne. Mai unguwa ya ce shi da liman ya ga kamar sun zo tare.

Kowa ya gaisa da shi. Babu wanda ya san shi.

Duk taron nan, Duna kaɗai ya san shi.

Ni a ganina zuwa ya yi ya duba ko karen ya manta da shi.

Daga ranar Juwaira ba ta sake zama ita kaɗai a gida ba. Tare muke tafiya Islamiyya, ta zauna a bayan aji cikin iyayenta mata tana aikin makarantarta, Anti Lami tana tsokanarta da amaryar aji. Tana nan lafiya lau, alhamdulillahi. Kangon ma mai shi ya zo an sare ciyawar, an sa masa ƙofa.

Duna kuwa, yanzu ni nake ba shi abinci. Na jefar da sandar. Da hannuna nake ajiye kwanon, in tsaya har ya cinye, sannan in je in wanke hannu yadda addini ya ce. Ina so ya san hannu ɗaya.

Maƙwabta suna ƙorafin haushinsa. Ina ba su haƙuri.

Amma ni in yana haushi barci nake har da minshari.

In ya yi shiru ne nake fitowa in duba.

Darasi:

In dabbarku ta kamu da ciwon ciki, ku nemi masani, ku bi abin da ya ce, ku ba ta abinci marar haɗi. Kuma ku daure ku kalli abin da ya fito. Ƙyama ta kusa hana ni ganin abin da ya ceci 'yata.

Sannan ku san hannun da ke ciyar da duk wani mai rai a gidanku. Ba kare kaɗai ba. Yaron da ya dawo da alewar da ba ke kika saya ba, yarinyar da ta zo da katin waya ko turaren da ba ki san tushensa ba, ki zaunar da su cikin lallami ki tambaya: wa ya ba ki? Mai mugun nufi ba kullum yake zuwa da makami ba. Wani da kyauta yake fara zuwa, a ɓoye, yana sabo.

Don Allah 'yar'uwa, kada ki karanta ki wuce. Tura wa wata uwa, musamman wadda maigidanta ke tafiye-tafiye, ko wadda ke da kango a bayan gida. Yau kafin magariba ta zaga ta duba rariyarta.

Allah Ya tsare mana zuri'a.